Wanda Na Ce Babu Shi a Kundi

Jikana Sa'adu ya dawo daga Yamai da labari a bakinsa. Wai an tattara tsoffin takardun ƙasar nan a wani babban gida, ka shiga ka faɗi sunan garinku, a ɗauko maka kundi, ka zauna a inuwa kana buɗawa har ka iske kakan kakanka. A zaure ya faɗi haka, abokansa uku suna ta gyaɗa kai. Ɗayansu har ya juyo ya ce ashe aikin da na yi shekara talatin da wani abu ke nan, buɗa littafi da rufewa, kuma ana biyana a kai. Suka yi dariya, na taya su, don ranar ba ni da ƙarfin gardama. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. To ga amsar a rubuce, Sa'adu, ka karanta kai da abokanka masu saurin baki.

Ni ɗan Sae Sabuwa ne, sai dai ban tashi a can ba. Ɗan fari ne ni, kuma a zamaninmu ɗan fari ba ya girma a gaban iyayensa. Da an yaye shi sai kaka ko kawu ya ɗauke shi. Uba ba ya kiran sunansa har abada, uwa ba ta kallonsa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ni kawuna ne ya riƙe ni, wajen Tibiri. Da aka zo neman yaran da za a kai lakol, makarantar Nasara, kawu ya dubi nasa 'ya'yan, ya dube ni, ya ga wanda ya fi sauƙin bayarwa. Haka na san boko, kuma haka aka rubuta ni a gidansa. Har yau sunansa ne a takarduna, a inda ya kamata a ga na ubana.

Da na gama lakol aka ɗauke ni aiki a buron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin yankin, ba sai na faɗi na wane gari ba, aka tura ni ɗakin kundi. Ɗaki ne na ƙasa a bayan buro, mai taga ɗaya, katakai sun kewaye bango, a kansu kundayen ƙidayar jama'a jere da baƙin bango. Mai ɗakin shi ne Malam Arzika, Bagobiri, dogo, mai rowar magana. Da can tafinta ne. Ya yi shekaru yana bin masu ƙidaya ƙauye ƙauye bisa doki, a nan ya tsinci karatu, ba shi da takardar lakol ko guda. Ni kuwa na zo da tawa a aljihu, ina ganin wata biyu ya ishe ni in koya wa tsohon nan aikinsa.

Ranar farko ya miƙo mini fiffiken zabo ya ce in share ƙura. Wata huɗu ina wannan. Kundi ɗaya ɗaya zan sauke, in kaɗe, in duba gindinsa, in sa busasshen ganyen dogon yaro a tsakiya, in mayar inda na ɗauko shi. Ƙafafun katakan suna tsaye cikin gwangwanaye, kullum da safe in duba ko kananzir ɗin ciki ya ƙafe, don gara ba ta hutun Lahadi. In ta sami hanya, kwana uku ya ishe ta ta cinye ƙauye guda da matansa da jikokinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: fiffiken nan, allura da shuɗin zare na ɗinke kundin da ya warware, wani siririn tsinken kara da ake bin layi da shi don kada yatsa ya taɓa tawada, gilashin ƙara girman rubutu mai tsagaggen gefe, alƙalami, da hatimi. Ranar da Malam ya ga na lashi yatsa zan juya shafi, sai da ya buge mini hannu da tsinken nan. Ina da shekara ashirin lokacin, da gemu yana tsirowa.

Ku da kuka saba a jera muku sunaye daga harafin farko zuwa na ƙarshe, ku sani kundin ƙidaya ba haka yake ba. Ƙasar kowane sarki da nata kundayen. A ciki ƙauye ƙauye, a cikin ƙauye gida gida. Sunan maigida a sama, a ƙasa matansa, 'ya'yansa, da duk wanda ke ci a gidan ranar da aka zo ƙirga. Saboda lanho aka yi su, harajin kai, ba don wani jika ya zo neman asalinsa ba. Kuma mutane ba wawaye ba ne. An san mai ƙidaya in ya tafi, bayansa lanho na tafe, ko neman yaran lakol, ko ɗibar soja. Saboda haka wani an ɓoye shi a rumbu, wani an rage masa shekaru, wani an ƙara masa. Kundi ba ya ƙarya da kansa, amma abin da aka faɗa masa a gindin itace shi ya riƙe.

Masu zuwa wurinmu iri iri ne. Tsoffin soja da ke son a tabbatar su ne su. Uban da lakol ta ce sai ya kawo takardar haihuwar ɗansa. Maniyyata. Sai masu rigimar gona, waɗanda su ne masu zafi. Babu wanda ya san shekarar da aka haife shi. Sai ya ce shekarar da fara ta cinye gero, ko damina biyu bayan an gina rijiyar bakin kasuwa, kai kuma ka san wace fara ce, don ba sau ɗaya ta zo ba.

Akwai wani mai sayen gyaɗa daga yamma, wajen Gidan Runji, da ya zo neman takarda zai tafi Makka. Ya faɗi sunan ƙauyen ubansa, na sauke kundaye shida, babu ƙauye mai wannan suna. Na ce wa Malam babu. Malam bai ko ɗaga kai ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɓara goro ya ba mutumin rabi, suka shiga hira kamar waɗanda ba su da abin yi. Wa ya gina rijiyarku? Kafin maigarin yanzu wa ya yi? Da kuka taso daga kudu ina kuka fara sauka? Tun hantsi har azahar ba a taɓa kundi ba. Ashe ƙauyen sunan maigarinsa yake ci, kuma ya canza maigari sau biyu, ya kuma matsa gaba da rijiya ta ƙafe. Malam ya tashi ya sauke kundi guda, ya buɗa, ya ɗora tsinke a kan sunan uban mutumin. Mai gyaɗa ya yi ta shafa shafin da bayan hannu, ba ya karatu, amma ya ƙi ɗauke ido.

Da mutumin ya tafi Malam ya ce da ni kalmar babu ita ce mafi tsada a ɗakin nan, kada in kuskura in fitar da ita sai na gama tambaya. Sa'an nan ya ba ni abin da ya kira tambayar farko.

"Kada ka hwara da wa ya haihe ka," ya ce. "Kowa ya san wa ya haihe shi. Tambaye shi, tukunyar wa kake ci sa'adda mai ƙirga yaz zo? Nasara tukunya yak ƙirga, ba jini ba."

Na ce na ji. Na kuwa ji ɗin, har na riƙa yi wa mutane wannan tambaya shekara uku a gabansa, yana gefe yana ɗinkin kundi.

Sai shekarar 'yancin kai ta zo. A gari ana kiɗa ana guɗa, ni ma na taka rawata, ba zan ɓoye ba. Amma a ɗakin kundi ban taɓa ganin muguwar shekara irinta ba. Nasara suna haɗa kaya, sababbin shugabanni suna karɓar kujeru, kowa a ƙasar ya tashi yana son takardar da za ta nuna shi ɗan ƙasa ne, musamman waɗanda ke da dangi a ƙetaren iyaka ta kudu. Tun asuba layi ya kai bakin titi. Damina ta sauka da ƙarfi, rufin ɗakin ya tsage ta kusurwar gabas, ruwa ya jiƙa kundaye goma sha wani abu, muka shanya su a rana shafi shafi muna danne su da duwatsu. Kananzir ya yanke mana wata guda, gara ta hau katako ɗaya ta yi abin da ta saba. A cikin wannan hali aka kira Malam Arzika aka yi masa godiya, aka ce ya je ya huta, idonsa ya yi rauni kuma ba shi da takardar lakol. Ya ajiye gilashinsa a kan tebur, ya ɗauki butarsa ya fita. Aka ba ni mabuɗi.

Gaskiya ita ce na ji daɗi. Na ɗinka wando irin na ma'aikata, na naɗe tabarmar ƙofa na jingine a lungu, na ce hirar goro ta ƙare, zamani ya canza. Na sa mutane su riƙa tsayawa a taga: suna, sunan uba, ƙauye, na gaba. A yini ina sallamar mutum talatin, shugabana yana yabona. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda ke cikinsa ba ya ji.

Bayan kaka, wata Talata da hantsi, wani mutum ya tsaya a tagata da 'yar takarda daga alƙali. Zai yi shekara arba'in da 'yan kai, baƙi, siriri, riga wankakkiya mai faci a kafaɗa. Sunansa Nomau. Takardar ta ce a duba kundin Gangara, gidan marigayi Mati, a ga ko akwai ɗa mai wannan suna.

Daga baya na san labarin duka, bari in ba ku shi yanzu don ku gane. Nomau ɗan farin Mati ne. Uwarsa ta rasu yana goye, kawunsa Barmo ya ɗauke shi zuwa Cadawa. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka zo ɗibar yara, kawun ya tsallakar da shi kudu wurin wasu dangi. Can ya girma, ya yi aure, ya haifu. Shekara talatin bai dawo ba. Da ya ji Nasara sun tafi ya tattaro matarsa da 'ya'yansa huɗu ya nufo gidan ubansa. Ya iske uban ya rasu, Barmo ya rasu, tsofaffin da suka halarci sunansa yunwa da shekaru sun kwashe su. A gidan akwai ƙannensa da wata matar ta haifa bayan tafiyarsa, babbansu Laminu. Suka ce ba su san shi ba, ubansu bai taɓa ambatar wani Nomau ba. Mutum ɗaya ce ta tsaya masa, Gwaggo Tasalla, ƙanwar Mati, tsohuwa mai rabin gani. Shaidar mace ɗaya ba ta raba gona. Magana ta tashi daga gaban maigari ta je gaban sarki, daga nan ta zo gaban alƙali, shi kuwa ya ce a bar wa kundi ya yi magana.

Ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba, don ban tambaya ba. Na sauke kundin Gangara, na sami gidan Mati ba wuya. Maigida, mace ɗaya, Laminu, sauran yara. Na sauke na ƙidayar da ta gabata, na sauke na gabanta, har wanda aka yi tun Nomau yana yaro. Babu shi. Har na yaba wa kaina, kundi uku na duba inda wani zai duba ɗaya.

Na dawo taga na ce masa babu. Ya matso ya rage murya don na bayansa kada su ji.

"Ranka shi daɗe, a ƙara dubawa. Ni ɗan hwari ne. Ni a Cadawa anka..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce takardar alƙali Gangara ta ce, ba Cadawa ba, kuma mutum ashirin na bayansa. Mutumin da ya kusa haihuwata, yana ce mini ranka ya daɗe, ni kuwa ko kallonsa ban cika yi ba.

"Ba gonar ta dame ni ba, Malam," ya ce. "Ƙarhina bai ƙare ba, ina iya noma ta wani. Ɗiyana nike ji. An hwara ce musu ubansu ba shi da uba."

Na ce Allah ya kyauta. Na ɗauki alƙalami na rubuta a ƙasan takardar cewa an bincika ba a samu ba, na sa hannu, na buga hatimi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tafi. Godiyar nan ita ce ta fi ci mini rai daga baya. Ban san yadda shari'ar ta ƙare ba, ban kuma nema ba, don kafin la'asar na manta da shi.

Sai da aka yi wata bakwai ko takwas, wata Juma'a bayan masallaci, na biya gidan Malam Arzika in gaishe shi. Na daɗe ban je ba, kunya ce ta kai ni. Na iske idon ya tafi gaba ɗaya, yana zaune a zaure yana tufkar igiya da lalube. Ya tambayi gara, ya tambayi rufin gabas, ya tambayi wasu kundaye da sunan ƙauyukansu kamar yana tambayar lafiyar dangi. Don in nuna masa aiki na tafiya, na shiga ba shi labarin masu zuwa. A ciki na kawo na wani mutumin kudu da ya so ya liƙa kansa a gidan mutane a Gangara, na duba kundi uku na kama shi.

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya tambaya me mutumin ya ce da na ce babu. Na ce wai shi ɗan fari ne, ya kuma so ya kawo zancen Cadawa.

"Ka tambaye shi tukunya?"

Na ce ban tambaye shi ba.

"Isuhu," ya ce, "kai a gidan wa anka rubuta ka?"

Ya ci gaba da tufkarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi sallama na fito.

Washegari tun kafin a buɗe buro ina ƙofar ɗakin. Cadawa ba ƙasar sarki ɗaya suke da Gangara ba, saboda haka kundayenta suna wani katako daban. Na ƙirga daga baya: taku uku ne tsakaninsu. Ban san sunan kawun ba lokacin, sai na ɗauki tsohon kundin na bi gida gida da tsinke, ina addu'ar kada in samu, Allah ya gafarta mini. Rana ba ta kai tsaka ba na isa gidan wani Barmo. A ƙasan 'ya'yansa akwai layi guda: Nomau, yaro, ɗan ƙanwar maigida. A gefe kuma, da ƙaramin rubutu, an ƙara cewa ubansa Mati ne na Gangara. Na san rubutun nan na gefe. Na Malam Arzika ne, tun yana tafinta. Irin abin da yake ƙarawa ke nan da kansa in mai ƙidaya ya juya baya, don ya san wata rana wani zai nema.

Na kwafe layin a takarda mai kyau, na buga hatimi, na kai wa alƙali na faɗa masa abin da na yi. Ya ce shari'a ta riga ta faɗi a kan Nomau bisa takardata, amma in na kawo mutumin za a sake buɗe ta. Na roƙi kwana biyu, na hau motar 'yan kasuwa zuwa Gazawa, daga nan na ari keke na shiga yashi har Gangara. Ranar kasuwa ce, gero ya kai gwiwa.

Na iske Gwaggo Tasalla a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi daga inda nake. Ta sa aka kira Laminu daga kasuwa. Na zaci zan ga mugun mutum, sai ga manomi mai sanyin murya, ya ba ni ruwa kafin ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na fitar da takardar na karanta da harshen Nasara, sa'an nan na juya musu da Hausa.

Laminu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ya rantse bai taɓa jin sunan nan a bakin ubansu ba, ko sau ɗaya, ko a ciwon ajali.

"To ƙaƙa za ka ji?" in ji tsohuwar. "Ɗan hwari ne. Na hwaɗa muku, kunka ce na ruɗe."

Ta ce duk kaka Mati yakan ware dami biyu na gero mafi kyau ya ce a kai wa mutanen Cadawa, ba ya cewa don wa. Bayan yaron ya tsallaka kudu ma bai daina ba, har shekarar da ya rasu. Laminu ya ce shi da kansa ya sha kai damman nan bisa jaki, tafiyar kwana biyu, yana ɗauka wani tsohon zumunci ne. Sai ya rufe fuska da hannun riga. Ya ce ranar da Nomau zai tafi, bayan shari'a, ya zo ya roƙi abu ɗaya, a nuna masa kushewar Mati ya yi addu'a. Shi kuwa ya hana, ya ce kushewar ta masu uba ce.

Na tambayi inda Nomau ya nufa. Babu wanda ya sani. Ya sayar da jakinsa a kasuwa, ya ɗora wa matarsa da yara kaya, suka bi hanyar kudu. Bai koma garin da ya fito ba, don can ma labari ya riga shi, kuma ya ce ba zai zauna inda za a riƙa nuna 'ya'yansa da baki ba.

Gwaggo Tasalla ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta kai ta kusa da idonta mai gani, ta juya ta, ta shafa wurin hatimin.

"Ashe takarda ta sani," ta ce. "To mi ya hana ta hwaɗi tun rannan?"

Na ce, "Ta faɗa, Gwaggo. Ni ne ban duba ba."

Ba ta zage ni ba. Ta mayar mini da takardar, ta jawo ƙwaryar gyaɗarta, ta ce in riƙe, ni na san hanyar da takardu ke bi su iske masu su. Ba ta ga kaka ta biyu ba bayan wannan.

Laminu ya yi abin da zai iya. A daminar nan ya auna rabon Nomau daga gonar gado, ya dasa gamba a kan iyaka, ya hana kowa sa fartanya a ciki. Ya bi fatake da masu zuwa cin rani yana ba su saƙo, shi da kansa ya tsallaka iyaka sau biyu yana tambaya kasuwa kasuwa. Sai a ce an ga mai kama da shi a gari kaza, a je a iske wani ne. Gonar ta yi shekaru tana fitar da sabara da kalgo a tsakiyar gonakin da ake nomawa, duk mai wucewa ya san ta wa ce. Bayan Laminu ya rasu, ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, jikoki suka nome ta. Ban ga laifinsu ba.

Ni kuma na koma ɗakin kundi. Na warware tabarmar nan na shimfiɗa a ƙofa, na sayi goro. Daga mutum talatin a yini na koma takwas, shugabana ya daina yabona, waɗanda muka fara tare suka wuce ni suka zama manya a Maraɗi da Yamai, ni ina nan da fiffiken zabo har na yi ritaya. Na samo wa mutane da yawa iyayensu a cikin kundayen nan, wasu har da kuka suke tafiya. Amma duk wanda ya zo daga kudu, in mun gama da tasa, sai na tambaye shi ko ya taɓa jin wani Nomau mai 'ya'ya huɗu, wanda ya ce shi mutumin Gangara ne. Shekara talatin ina wannan tambaya, ba wanda ya ce i.

Saboda haka, Sa'adu, in ka koma babban gidan nan na Yamai, in Allah ya sa kundayenmu sun kai can gara ba ta gama da su ba, ka nemi tsohon na Cadawa, wanda aka ɗinke gindinsa da shuɗin zare. Ɗinkina ne. Ka ga da idonka yadda layin yake ƙarami, sa'an nan ka zo ka gaya mini ko aikin buɗawa da rufewa ne.

Kwafin yana nan a gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Nomau kam na san ya riga mu, sai dai 'ya'ya huɗu ba sa ɓacewa ba zuriya. Ku kuna yawo fiye da mu, kuna tsallaka iyaka kamar ƙofar gida. In kun gamu da wani wanda ya ce kakansa Nomau ne, ya taɓa zuwa Gangara aka kore shi, ku kawo shi ya karɓi takardarsa tun ina da rai. In kuma na riga na tafi, ku faɗa masa da bakinku cewa kakansa yana da uba, sunansa Mati, kuma bai taɓa fasa aika masa gero ba.